Mai Gida da Halittun da Ba Nasa Ba: Tambaya kan Iyakar Mallaka

A shekarar 1973 wata ƙungiyar kare namun daji ta Amurka mai suna National Wildlife Federation ta ɓullo da shirin koya wa masu gidaje yadda za su mayar da ɗan filin da ke kewaye da ɗakunansu wurin da tsuntsaye da ƙwari da ƙananan dabbobi za su iya rayuwa, shirin kuwa yana nan har yau. Abin da ake nema daga mai gida bai taka kara ya karya ba: ya tanadi abinci, wato tsirrai masu fure da tsaba da 'ya'ya, ya ajiye ruwa mai tsabta, ya bar wurin fakewa kamar duhuwar shuke-shuke ko tarin itace, ya bar inda za a yi sheƙa a reni 'ya'ya, sannan ya rage feshin guba. Wanda ya cika sharuɗɗan ana ba shi takardar shaida, idan ya so kuma ya sayi allo ya kafa a ƙofar gida. A zahiri magana ce ta aikin lambu, amma a ƙarƙashinta akwai tambayar da malaman fiƙihu da masana falsafa suka daɗe suna kewayawa, wato ko mutumin da ya mallaki fili da guminsa, ya kuma riƙe takardarsa, yana ɗauke da wani nauyi game da halittun da ba shi ya saye su ba, ba shi yake kiwonsu ba, ba su kuma nemi izininsa ba kafin su sauka a gidansa.

Abin da ya haifar da shirin wata al'ada ce da ta samo asali daga gidajen manyan Ingila, ta kuma mamaye sababbin unguwannin Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wato shimfiɗa wa harabar gida ciyawa iri ɗaya, gajera, wadda ake aske ta da inji, a ba ta ruwa da taki, a fesa mata maganin ƙwari da na kashe duk wani tsiro da ya kutso cikinta. Wani lissafi da aka yi a 2005 da taimakon hotunan tauraron ɗan'adam ya nuna cewa irin wannan ciyawa ta rufe kimanin eka miliyan 40 a Amurka, idan aka haɗa da filayen wasa da na shaƙatawa. Ga idon mutum fili ne kore shar, amma ga kudan zuma da tsuntsu bambancinsa da daɓen siminti kaɗan ne, domin ba a barinsa ya yi fure balle ya yi tsaba. A 2019 mujallar Science ta buga binciken da ya nuna cewa daga 1970 yawan tsuntsayen Amurka da Kanada ya ragu da kusan biliyan 3, wato sama da kashi ɗaya bisa huɗu. Ba ciyawar gida kaɗai ce ta jawo wannan asara ba, noman zamani da sare dazuzzuka sun fi ta nauyi nesa ba kusa ba, sai dai ita ce ɓangaren da ke hannun talaka mai gida, ba sai ya jira majalisa ba.

Yadda asarar take faruwa ya cancanci a dube shi da kyau, domin a kansa hukunci zai ginu. Douglas Tallamy, masanin ƙwari a Jami'ar Delaware, ya yi shekaru yana bayyana cewa mafi yawan ƙwarin da ke cin ganye ba sa iya cin kowane ganye, sai na tsiron da suka saba da gubarsa tun kaka da kakanni, tun da kowane tsiro yana da irin sinadarin da yake kare kansa da shi. Shahararren malam-buɗe-littafin nan mai ruwan lemo da ke ƙaura daga Amurka zuwa tsaunukan Meziko, alal misali, tsutsarsa ba ta cin komai sai ganyen tsirrai masu farin madara, dangin tumfafiya. Idan aka tumɓuke tsirran ƙasa aka dasa na ado da aka shigo da su daga wata nahiya, tsutsa za ta yi ƙaranci, tsutsa kuwa ita ce abincin jarirai ga kusan duk ƙananan tsuntsayen tudu, har da waɗanda idan sun girma tsaba suke ci. Akwai wani ɗan tsuntsu mai baƙin kai da ake kira cikadi, wanda nauyinsa kimanin giram 10 ne, an kuma lissafa cewa uwa da uba suna buƙatar tsutsa tsakanin 6,000 da 9,000 kafin 'ya'yan sheƙa ɗaya su tashi, suna kai da kawo daga asuba har faɗuwar rana a 'yan bishiyoyin da ke kusa da su. Binciken da aka buga a 2018 kan gidajen da ke kewayen birnin Washinton ya gano cewa inda baƙin tsirrai suka wuce kashi 30 cikin ɗari, 'ya'yan da tsuntsun ke fitarwa ba sa isa su maye gurbin waɗanda ke mutuwa. Babu mai gidan da ya harbi tsuntsu ko ɗaya a cikin wannan lamari, kowa fure ya zaɓa a kasuwa don ya burge shi.

Daga ɗaya ɓangaren kuma, ɗan fili yana iya ɗaukar rayuka fiye da yadda hankali ke zato. Wata masaniyar halittu, Jennifer Owen, ta yi shekara 30 daga 1972 tana ƙirga abin da ke zaune ko ke ratsa lambun gidanta a birnin Leicester na Ingila, mai faɗin murabba'in mita 741, ta kuma tattara nau'o'i 2,673 na tsirrai da dabbobi, kusan 2,000 daga cikinsu ƙwari ne. Wannan ya isa ya kawar da uzurin da ke cewa gida ɗaya ba ya ƙara komai ba ya rage komai.

Tunanin Turai game da mallakar ƙasa ya jingina ƙwarai da John Locke, wanda a ƙarshen ƙarni na 17 ya kafa hujjar cewa mutum yana mallakar abin da ya cuɗa aikinsa da shi, ya kuma sanya sharaɗi biyu, wato kada ya tara abin da zai lalace a hannunsa, kada kuma ya hana sauran mutane samun rabo. Sauran mutane kaɗai ya ambata. Barewa da tsuntsu suna cikin kayan da ake mallaka, ba sa cikin masu rabo. Fiƙihun Musulunci yana da babin da ya yi kama da wannan, wato ihya'ul mawati, raya ƙasar da ba ta da mai ita ba a kuma amfani da ita, kuma a mazhabar Malikiyya hanyoyin rayawar sun haɗa da haƙa rijiya da gini da dashe da huɗa, har da sare itatuwa da fasa duwatsu don daidaita wuri. Namun daji kuwa hukuncinsu shi ne mubahi, ma'ana abin da ba mallakar kowa ba ne har sai wani ya kama shi. Wanda ya tsaya a waɗannan babuka kaɗai zai yanke cewa mai gida ba ya bin kowa ba a kuma bin sa komai: ya sare tsamiya ya zuba siminti daga zaure har makewayi, ya yi tasarrufi ne a cikin dukiyarsa.

Malamai sun yi magana mai zurfi kan haƙƙin dabbobi, sai dai galibin maganar tana kan dabbar da ke hannun mutum. Izzuddin ɗan Abdussalam, wanda ya rasu a Alƙahira a 1262, ya jera waɗannan haƙƙoƙi a littafinsa na ƙa'idojin hukunce-hukunce: a ciyar da dabba ko ta tsufa ta daina amfani, kada a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, kada a haɗa ta da abin da zai cuce ta, a kyautata yankanta, kada a yanka ɗanta a gaban idonta. Tushen wannan duka shi ne nafaƙa, wato ciyarwar da ke wajaba a kan mutum saboda aure ko zumunci ko mallaka. Kurciyar da ke sauka a kan katanga ba ta shiga ko ɗaya daga cikin ukun, saboda haka babu alƙalin da zai tilasta wa mai gida ya watsa mata gero.

Amma akwai hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito game da matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, kuma tsarin laifin da aka ambata a cikinsa yana buɗe wata ƙofa. An ɗora mata abu biyu a haɗe: ta tsare kyanwar ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta a cikin ƙananan halittun ƙasa ba. Ke nan shari'a ta san hanya biyu da dabba ke samun arzikinta, ɗaya ta hannun mutum, ɗaya ta hanyar da Allah Ya shimfiɗa mata a bayan ƙasa ba da sa hannun kowa ba, kuma mutum yana kuɓuta idan ya ɗauki ta farko ko ya bar ta biyun a buɗe. Halaka tana cikin toshe duka biyun. Idan aka ɗauki wannan ma'auni aka auna harabar da aka share tas aka fesa wa guba, za a ga cewa abin da ake tuhumar mai gida da shi shi ne toshe hanya ta biyu ba tare da wata buƙata ba, abin da ake nema daga gare shi kuwa yawancinsa bari ne: ya bar busasshen ganye a gindin bishiya inda tsutsa ke kwantawa kafin ta yi fiffike, ya bar reshen da ke da sheƙa har 'ya'yan su tashi, ya bar wani lungu ba daɓe. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, inda sahabbai suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a hanyar tafiya, ta zo tana shawagi a kansu, Annabi (SAW) ya umarce su da su mayar mata da su, yana ƙarfafa wannan fahimta, domin tsuntsuwar ta daji ce, ba ta kowa ba ce, duk da haka an kula da tashin hankalinta.

Adalci ya sa a faɗi inda ƙiyasin ya yi rauni, ƙiyasi kuwa shi ne ɗora hukuncin wata mas'ala a kan wata saboda dalilin da suka yi tarayya a kansa. Matar ta kulle wata sananniyar kyanwa har ta mutu a hannunta, shi kuwa mai siminti bai kulle kowa ba, tsuntsun da bai samu abinci a gidansa ba yana da fiffike. Cutarwar ba ta bayyana sai an tara gida dubu a kan gida dubu, har fiffiken ya rasa inda zai kai mai shi, kuma irin wannan laifi da ke rarrabuwa a kan jama'a har rabon kowa ya zama kamar babu, yana daga cikin abin da ya fi wahalar da masu nazarin ɗabi'a a wannan zamani. Malikiyya suna da kayan aikin da ya dace da shi fiye da yadda ake zato. Akwai saddu zari'a, wato toshe halastacciyar hanyar da aka ga tana kai wa ga ɓarna, akwai kuma abin da Shaɗibi, malamin Andalus da ya rasu a 1388, ya fayyace cewa aiki yana iya zama mubahi idan aka dube shi ɗaya-ɗaya amma hukuncinsa ya canja idan aka dube shi a dunƙule. Abin da ya fi kusa da daidai, saboda haka, shi ne a ce barin wuri ga halittu mustahabbi ne a kan kowane mai gida, wato abin so da ake samun lada a kansa ba a kuma yin zunubi da barinsa, amma share su daga gari baki ɗaya ɓarna ce da nauyin hana ta ke kan al'umma da masu iko. Shari'a ba baƙuwa ba ce ga taƙaita hannun mutum saboda dabbar daji, tun da a Haramin Makka da na Madina, waɗanda garuruwa ne masu gidaje da kasuwanni, an hana farauta da sare itatuwan da suka tsiro da kansu.

Ɓangaren lada ya fi fitowa fili. Hadisin Anas ɗan Malik ya tabbatar da cewa Musulmin da ya yi dashe ko shuka, duk abin da tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci daga ciki sadaka ce gare shi, abin lura kuwa shi ne manomi ba don tsuntsu yake shuka ba, sau da yawa ma korarsa yake yi, amma an rubuta masa. Magina na daular Usmaniyya ta Turkawa sun kai wannan fahimta har jikin bango, suka riƙa sassaƙa wa tsuntsaye ƙananan gidaje na dutse masu tagogi da baranda a saman ginin masallatai da makarantu, ana kuma iya ganin wasu daga cikin mafi kyawunsu a masallacin Ayazma da ke Uskudar a Istanbul, wanda aka gina wajen 1760. A birnin Bursa kuma an yi gidan jinyar tsuntsaye dangin shamuwa, waɗanda rauni ya hana su bin 'yan'uwansu ƙaura.

Aldo Leopold, masanin gandun daji ɗan Amurka wanda littafinsa ya fito a 1949 bayan rasuwarsa, ya yi kira da a faɗaɗa ma'anar al'umma ta haɗa da ƙasa da ruwa da tsirrai da dabbobi, mutum ya sauka daga matsayin mai cin ƙasa da yaƙi ya zama ɗan gari kamar kowa. Aya ta 38 a Suratul An'am ta riga ta bayyana dabbobi da tsuntsaye a matsayin al'ummomi irin na mutane, sai dai tunanin biyu ba ɗaya ba ne, bai kuma kamata a haɗa su da ƙarfin tsiya ba. A wurin Leopold mutum memba ne, a Musulunci kuwa halifa ne, wato wanda aka damƙa wa amana aka kuma fifita shi, fifikon da ke ƙara masa yawan tambayoyin da zai amsa.

Wannan fifiko shi ne ke kawo iyaka, iyakar kuwa tana da kaifi a ƙasashe masu zafi fiye da yadda take a Delaware ko Leicester. Ran ɗan'adam yana gaba, kuma Sunna ta ambaci halittu biyar da aka halatta kashewa ko a cikin Harami, wato hankaka da shirwa da kunama da ɓera da kare mai cizo, ta kuma kwaɗaitar da kashe tsaka, alhali ta hana kashe tururuwa da kudan zuma da alhudahuda. Game da macijin da ke zaune a gida, Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo umarnin a yi masa gargaɗi na kwana uku kafin a kashe shi, malamai kuma sun yi saɓani kan ko hukuncin ya keɓanta da Madina. Tarin itacen da ake yaba wa a Ingila domin yana ɓoye bushiya, a ƙasar Kaltungo yana iya ɓoye kububuwa. Ɓeran da ke shiga rumbu yana ɗauke da zazzaɓin Lassa. Ruwan da aka ajiye wa tsuntsu a kasko, idan ya kwana bakwai zuwa goma ba a canja ba, ya isa sauro ya yi ƙwai ya ƙyanƙyashe ya tashi. Saboda haka darasin Amurka ba ya kwafuwa yadda yake, dole a zubar da ruwan kasko duk bayan kwana biyu, a nesanta duhuwa daga ɗakin kwana da wurin wasan yara. Ƙauyukan ƙasar Hausa ma ba su jira darasin kowa ba wajen rarrabe baƙon da ake maraba da shi da wanda ake kora: shamuwa tana sheƙa a bishiyar tsakiyar gari ba mai taɓa ta, domin zuwanta albishir ne na damina kuma fara take ci, jan-baki kuwa da gwangwani da majajjawa ake tarbarsa a gonar gero.

Kyakkyawar niyya ma tana iya yin kisa idan babu sani, wannan ne kuma ya sa koyarwa ta zama ginshiƙin lamarin. Mutanen Birtaniya sun shahara da rataye wa tsuntsaye mazubin tsaba a lambu, amma daga wajen 2005 wata cutar maƙogwaro ta bazu ta waɗannan mazubai da kwanonin ruwa da ba a wankewa, ta ragargaza wani koren tsuntsu mai cin tsaba har aka sanya shi cikin jerin waɗanda ke cikin babban haɗari a ƙasar a 2021. A Amurka kuwa binciken 2013 ya kintata cewa kyanwoyi masu yawo suna kashe tsuntsaye tsakanin biliyan 1.3 da biliyan 4 a shekara, ta yadda mai tara tsuntsaye a harabar da kyanwarsa ke kwana ya shirya mata liyafa ne kawai. Ƙa'idar malamai cewa ilimi yana gaban aiki ba ta tsaya a alwala da salla ba.

Allon da ake kafawa a ƙofar gida yana tayar da maganar riya, wato yin aikin alheri don idon mutane, sai dai a nan uzurinsa ya fi laifinsa ƙarfi, saboda a unguwannin Amurka da yawa ƙungiyoyin masu gidaje suna da dokokin da ke cin tarar wanda ya bar ciyawarsa ta yi tsawo, allon kuwa yana shaida wa maƙwabci cewa abin da yake gani zaɓi ne, ba lalaci ba. Maƙwabci dai ba ya fita daga wannan lissafi ko ta wace fuska aka duba. Bushiyar Birtaniya tana yawon da ya kai kilomita ɗaya zuwa biyu a dare guda wajen neman abinci, lambu ɗaya ba ya isarta, shi ya sa tun 2011 masu fafutukar kare ta suke roƙon mutane su huda ƙasan shingensu da faɗin santimita 13, hudar da ba ta yiwuwa sai da yardar wanda ke ɗaya gefen shingen. Mai haya da mazaunin bene kuwa ba su da filin da za su yi wa hukunci, abin da zai sauka a tagarsu yana hannun mai gidan da masu tsara gari. A 2021 jihar Maryland ta kafa dokar da ta hana ƙungiyoyin masu gidaje tilasta wa mutum shimfiɗa gajeriyar ciyawa ko haramta masa dasa tsirran da ke jawo kudan zuma da tsuntsaye, bayan wata shari'a tsakanin wasu ma'aurata da ƙungiyar unguwarsu. Dokar ba ta wajabta wa kowa ya dasa komai ba, ta dai cire hannun wanda ke tilasta a share.